Kada Ki Juya, Dina

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun kafin in idar da sallar asuba, to ga shi. Ku karanta a natse. Wanda ya tsallake layi kada ya dawo yana tambayata abin da ke rubuce a gabansa.

Mun tsaya ne inda Rozaimi, direban babbar motar nan da hanya ta fi gidansa saninsa, ya cika alkawarin da ya daɗe yana saɓawa. Ya ɗauko matarsa Normala, da 'yarsu Wardina da ake kira Dina, da mahaifiyarsa Tok Sepiah, ya haura da su cikin gandun daji har gurbin sama na magangarar ruwan Lata Selasih. Ga sababbin shigowa: a yarensu Ayah baba ne, Ibu da Mak mama, Tok kaka, Abang kuwa haka mace ke kiran mijinta.

*

Normala ta shimfiɗa tabarma a rumfar katakon da ke kan tudu, ta zauna tana ɓamɓare matsattsaku daga idon sawunta. Ƙasa da su ga gurbin ruwan nan garai-garai, ana hango tsakuwar gindinsa. Can gaba ruwa na zubowa daga saman dutse da ƙugi, sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji.

A tsakiyar gurbin akwai wani falalen dutse. Tun isowarsu idon Dina ke kansa.

"Ayah, zan je in zauna a can."

"Je ki mana," in ji Rozaimi, yana cusa kankanar da suka zo da ita tsakanin duwatsun bakin ruwa don ta yi sanyi. "Yau ranarki ce."

"Ba inda za ta," in ji Normala.

"Haba Mala. Ruwan da ko gwiwarta bai kai ba?"

"Abang, ka san ban iya iyo ba. In ta zame wa zai shiga?"

"Ni hoto ne a nan?"

Tok Sepiah ta ajiye sandarta, ta miƙa hannu.

"Zo nan tukuna, mai kunnen ƙashi. Me na gaya miki a bakin daji?"

Dina ta tsaya a gabanta ta haɗe ƙafafu kamar a gaban malamin makaranta. Shekararta takwas, kuma irin yaran nan ne da in an ce musu kada, to kada ɗin ne har ƙasan zuciya.

"Kada in nuna komai da yatsa."

"Sai me?"

"Kada in tsinki fure."

"Babbar fa?"

"In na ji an kira sunana, kada in amsa. Kada in juya."

"Ko da muryar wa?"

"Ko da muryar Ibu ce. Ko ta Ayah. Ko taki, Tok."

"Don me?"

Yarinyar ta rage murya.

"Mutanen ɓoye suna aron murya."

"To yaushe za ki tashi daga inda kike?"

"Sai hannu mai ɗumi ya taɓa ni. Su nasu hannun sanyi gare shi."

"Madalla. Kin fi ubanki kai."

Rozaimi ya tuntsire da dariya.

"Mak, za ki sa yarinya ta kwana tana firgita."

"Da wannan tsoron na raine ka, ga ka nan da ranka har da tumbi. Da ban tsorata ka ba, da tuni ka bi kukan tsuntsu ka shige daji."

Normala ba ta yi dariya ba, amma ba ta musa ba. Ita ma da wannan hanin aka raine ta. Dukanmu da shi aka raine mu, kuma ba wauta ba ce. Yara nawa ne suka ji kamar ana kiransu a cikin kurmi, suka bi, har yau iyayensu na barin fitila a kunne? Don haka sai ta gyara wa Dina ɗaurin gashinta ta ce:

"Ki ji maganar Tok. Kuma kada ki wuce dutsen."

Dina ta sauka da gudu, ta ratsa ruwan tana ɗaga ƙafa kamar zalɓe, ta haye falalen dutsen. Ta zauna ta tanƙwashe ƙafa, ta fuskanci magangarar, ta ba su baya.

*

Normala ta fara kwance shinkafar kwakwa daga ganyen ayaba, tana jera soyayyen kifi da miyar barkono. Hannunta na aiki, amma wani abu na sukar ranta tun ɗazu.

Ta ɗaga kai ta dubi dama, ta dubi hagu.

"Abang."

"Na'am."

"Yau ba Lahadi ba ce?"

"Ita ce."

"Ga hutun makaranta. A gurbin ƙasa ko wurin aje ƙafa babu, hayaƙin gashin kaza har ido yake shiga. Me ya sa nan babu kowa sai mu?"

Rozaimi ya jefa loma a baki.

"Ragwaye ne. Wa zai hau wannan tudun in ba mu ba?"

"Mak da sandarta ta hau."

"Mak ai ƙarfe ce."

"Ko mai sayar da ruwan rake babu."

"Mala, na kawo ku wurin da ba cunkoso, shi ma laifi ne? Ci abincinki."

Ta tuna lokacin da suka iso inda hanya ta rabu biyu, ya ce su zauna a kan benci su huta, zai je ya duba ko hanyar sama na da santsi. Ya ɗan jima kafin ya dawo, yana haki, yana ta raha fiye da kima.

"Ina wuƙar yanka kankana?" ta tambaya.

"Tana jakata. Bari in..."

Ta riga shi. Jakar na kusa da gwiwarta. Ta zuge ta, ta tura hannu ƙarƙashin tawul.

Ba wuƙa ta fara taɓawa ba.

Ta jawo abin a hankali. Igiya ce ja, doguwa, an nannaɗe ta cikin gaggawa, da ɓawon itace maƙale a jikinta. Duk wanda ya taɓa shiga gandun daji a ƙasar nan ya san wannan igiyar. Ita ma'aikata ke ɗaurawa daga itace zuwa itace su tare hanya.



"Abang, wannan mene ne?"

"Igiya."

"Na ga igiya ce. Daga ina?"

"A hanya na tsinta."

"Ka dube ni ka faɗa."

Bai dube ta ba.

Tok Sepiah ta daina tauna. Ta kalli igiyar, ta kalli ɗanta.

"Rozaimi."

"Mak."

"Ban haife ka jiya ba. In za ka yi ƙarya kunnenka na hagu ja yake yi. Ga shi nan kamar barkono. Kwance ta ka yi?"

Ya goge hannu a wandonsa.

"Kullum haka suke yi, Mak. Ganye ya faɗo su ɗaura igiya. Don kada su wahala da hawa ne kawai."

"Kwance ta ka yi?"

"Na kwance."

Normala ta ɗaga igiyar a gabansa.

"Ka zaunar da mu a benci kamar tumaki, ka je ka kwance, ka ɓoye a jaka don kada in gani?"

"Da kin gani ai da kin ce mu koma."

"Da na ce mu koma mana!"

"To shi ya sa!" Ya miƙe tsaye. "Kin san sau nawa na ce wa yarinyar nan zan kawo ta? Kullum sai a kira ni a ce ga kaya, tashi ka kai kudu. Wancan karon da takalmanta a ƙafa ta yi barci tana jirana. Ke ce kika gaya min. Yau kuma in ce mata an ɗaura igiya, mu koma gida? Ta riƙa kallona a matsayin me?"

"A matsayin ubanta mai hankali."

"Kin fara ke nan."

"Ban fara ba. Me ma'aikacin ƙofa ya ce maka? Na ga ya ja ka gefe lokacin da kake karɓar tikiti."

"Gaisawa muka yi."

"Abang."

"Na ce gaisawa muka yi!"

Tok Sepiah ta ɗauki sandarta ta buga a katakon rumfar sau ɗaya.

"Ka amsa wa matarka."



"Ya ce... ya ce wai tun asuba ake ruwa a kan dutse. Can ciki. Wai kada kowa ya wuce gurbin ƙasa."



"Amma ku duba sama!" Ya nuna da hannu biyu. "Tas take! Ko ɗigon hadari babu. Rana har ƙuna take yi."

Tsohuwar ta dube shi irin duban da ba ta yi masa ba tun yana yaro.

"Kai ɗan wane gari ne? A bakin kogi na haife ka. Kan ruwa, ambaliyar nan mai saukowa daga dutse, yana jiran a yi hadari a bisa kanka ne? Can sama ake ruwan, nan ƙasa ake ɗaukar gawa."

"Mak, kada ki yi mana baki."

"Baki? Kai ka kwance igiya da hannunka, ni ce mai baki?"

"Awa ɗaya kawai na ce mu yi, mu ci abinci, ta yi wasa..."

"Da 'yata ka yi caca," in ji Normala. "Don kada a ce ka saɓa alkawari."

"'Yarki ke kaɗai?"

"Yau dai tawa ce ni kaɗai!"

Ku ji wannan da kyau, ku masu son cin nasara a gardama. Manya uku ne a rumfar nan. Dukansu sun san abin da kan ruwa yake, sun san yadda yake zuwa gaba ɗaya kamar bango, da itatuwa da duwatsu a cikinsa. Amma suka tsaya neman mai laifi. Ba wanda ya waiwaya ya dubi ruwan.

Sai da Tok Sepiah ta buɗe baki za ta ƙara wata, sannan idonta ya sauka ƙasa. Maganar ta maƙale.

"Ina kankanar?"

Normala ta juya.

Duwatsun da aka cusa kankanar a tsakaninsu babu su. Ruwa ya shanye su. Kankanar kuwa ga ta can tana juyi a hankali, tana nufar mashigar da ruwan gurbin ke fita.

Ruwan da ake ganin tsakuwar gindinsa ɗazu ya koma kalar shayin madara. Busassun ganyaye na yawo a kansa, da ƙananan rassa, da wani farin kumfa mai datti. Iska ta kawo warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Gyaren da ke ta kuka a cikin itatuwa tun safe sun yi tsit.

"Innalillahi," in ji Tok Sepiah.

Dina na nan zaune a kan falalen dutsen, ta ba su baya, tana kallon magangarar. Ruwa ya kusa lasar gefen siket ɗinta, ba ta ma lura ba.

Normala ta diro daga rumfar, ta tsaya a bakin tudu, ta tattara duk ƙarfin ƙirjinta.

"DINA!"

Yarinyar ta ji. Normala ta ga ta ji, don kafaɗunta sun zabura.

Amma ba ta juya ba.

"Dina! Taso! Taso maza!"

Bayan yarinyar ya sandare kamar an dasa itace.

"WARDINA!" Rozaimi ya kwarara ihu. "Ayah ne! Juyo nan!"

A hankali Dina ta ɗaga hannayenta biyu. Ta toshe kunnuwanta da yatsu. Ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinta.

Nan Normala ta gane.

"Mak," ta ce, ba ta ma san ta kama hannun tsohuwar ba. "Mak, ba za ta juyo ba. Mun ce mata kada ta juya."

Tok Sepiah ta yar da sandarta, ta tako har bakin tudu.

"Dina! Tok ce! Na janye maganar! Jikata, na janye! Ki juyo ki gan ni da idonki!"

Yarinyar ta ƙara dunƙulewa. Daga nan ana ganin kafaɗunta na rawa. Kuka take, ko karatu take, ko duka biyun. Murya uku ta ji, ta Ibu, ta Ayah, ta Tok, ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda aka gaya mata za su zo.

"Ni na ɗaure ta," in ji tsohuwar, muryarta ta dushe. "Da bakina na ɗaure ta a kan dutsen nan."

"Ku matsa!"

Rozaimi ne. Ko riga bai cire ba, ya sauka tudun da gudu, ya yi tsalle kan dutsen farko, ya yi kan na biyu.

"Abang, a hankali! Gansakuka!"

Dutsen na uku ruwa ya riga ya rufe shi. Ƙafarsa ta sauka a kai, ta wuce. Normala ta ji ƙarar haɗuwar gwiwarsa da dutse duk da ƙugin ruwa. Ya faɗa ciki da bayansa. Ruwan da ɗazu yaro ke ratsawa ya ɗauke ƙaton mutum kamar tsumma, ya yi mashigar ƙasa da shi.

"ABANG!"

Ya nutse, ya ɓullo. Ya kai hannu ya cafki saiwar wani itace da ta leƙo cikin ruwa, ya rungume ta. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, fuskarsa ta yamutse, ya koma.

"Ƙafata! Mala, ƙafata ba ta ɗauka! Ki bar ni, yarinyar! Yarinyar!"

Normala ta dubi ruwan.

Tun tana ƙarama ko a kwale-kwale ba ta yarda ta zauna a gefe. Ranar bikinta ma da aka ce a tsallaka kogi zuwa gidan dangin miji, ido rufe ta yi tafiyar.

Ta dubi bayan 'yarta, da ɗan ɗaurin gashin da ta gyara mata da hannunta.

"Mak, igiyar."

Tsohuwar ba ta tambayi komai ba. Ta rarumo jar igiyar daga kan tabarma, ta zagaya gindin ginshiƙin rumfar da ita, ta ƙulla irin ƙullin da ake ɗaure jirgin kamun kifi. Ɗaya bakin ta ɗaura a ƙugun Normala, ta ja har sai da numfashinta ya ɗauke.

"Kada ki ɗaga ƙafa sama. Ja za ki riƙa yi a ƙasa. Ki ba ruwan gefenki, kada ki ba shi ƙirji."

"To, Mak."

"Kada ki kira ta kuma. Kira ƙara ɗaure ta yake. Ki taɓa ta kawai."

"To."

"Normala." Tsohuwar ta riƙe fuskarta da tafuka biyu. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa yi mata haka ba. "Ki yafe min."

"Ba yanzu ba, Mak. Riƙe igiyar."

Ta yi bisimilla ta sa ƙafa.

Sanyin ya soke ta har cikin ƙashi. Wannan ba ruwan ɗazu ba ne, wannan daga can ƙuryar dutse ya taho. Taku kaɗan ya kai mata gwiwa. Ta ƙara, ya kai cinya. Tsakuwa na gudu a ƙarƙashin tafin ƙafarta kamar masu rai. Wani reshe ya daki haƙarƙarinta ya wuce.

"Hagu! Yi hagu, akwai rami a nan!" Rozaimi ke ihu daga inda yake maƙale.

Ta yi hagu. Ruwan ya kai ƙugu. Zaninta ya cika ya yi nauyi, yana jan ta ƙasa. Ta zame, ta dafa da hannu biyu, ruwa ya rufe kanta, ta sha, ta taso tana tari. Igiyar ta riƙe ta. Ta waiga ta ga tsohuwa ta naɗe igiyar a damtsenta, ta kafa ƙafa a ginshiƙi, ɗankwalinta ya zame, furfura a waje.

Ta ci gaba.

Ga dutsen nan. Ga bayan Dina. Ruwa ya riga ya hau falalen, yana zagaye yarinyar, ya jiƙa mata siket, amma ko motsi ba ta yi ba. Yanzu Normala na jin muryarta, siririya, tana karanto duk surar da ta iya, in ta kai ƙarshe ta koma farko.

Normala ta miƙa hannu.

Wani abu ya fizge ta ta baya.

Igiyar ta ƙare.

Ta ja, ta miƙe har yatsunta na rawa. Tsakaninta da rigar yarinyar bai fi kamu biyu ba. Ta ƙara ja, igiyar ta nutse a naman cikinta. Ko ɗigo ba ta ƙaru ba.

"Mak! Saki kaɗan!"

"Babu! Ta ƙare! Wallahi ta ƙare!"

Bakin Normala ya buɗe da kansa zai kira sunan. Ta cije leɓe ta haɗiye shi.

Ta dubi ƙullin da ke ƙugunta.

"Kada ki kwance!" Rozaimi ya gane tun kafin ta taɓa. "Mala, kada ki kwance! Zai tafi da ku duka! Ki jira in zo!"

"Da wace ƙafar?" ta ce, ba don ya ji ba.

Ƙullin ya sha ruwa ya ƙanƙame. Ta sa farce, farcen ya karye. Ta sunkuya ta sa haƙori. Tok Sepiah na can tana kiran sunayen Allah da ƙarfi, ba ta ce kwance ba, ba ta ce bari ba.

Ƙullin ya saki.

Ta jefa jikinta gaba, ƙirjinta ya bugi dutsen, ta rarrafa ta hau. Ta kai hannu ta damƙi damtsen 'yarta.

Dina ta saki wata ƙara da Normala ba ta taɓa jin irinta daga bakin ɗan Adam ba.

"Sanyi! Hannun sanyi! Ba Ibu ba ce! Ba Ibu ba ce!"

Ta fizge, ta yi gaba, saura ƙiris ta faɗa ta ɗaya gefen inda ruwan ya fi zurfi. Idonta a runtse gam. Normala ta cafko rigarta, yarinyar na duka, tana shuri, tana yaƙushi.

"Ki sake ni! A'uzubillahi! Tok! Tok, sun kama ni!"

Normala ta dubi hannayenta. Sun yi fari fat, sun yi sanyi kamar kifin da aka ciro daga ƙanƙara. Duk jikinta haka yake. Babu inda ruwan dutsen nan bai taɓa ba.

Magana ba ta da amfani a nan.

Ta rungumo yarinyar ta baya da ƙarfin tsiya, ta danne hannayenta. Ta kai bakinta daidai wuyan Dina, ƙarƙashin kunne, inda take sumbatarta kullum in za ta tashe ta makaranta. Ta buɗe baki ta huro numfashi daga can cikin cikinta.

Ta sake hurawa.

Ta sake.

Shure-shuren ya ragu. Jikin yarinyar ya yi lakwas. A hankali ta ɗago hannu ta taɓa wurin da ɗumin ya sauka.

Ta buɗe ido ɗaya. Ta juyo.

"Ibu?"

"Ni ce."

"Ibu, sun yi ta kirana." Haƙoranta na haɗuwa. "Da muryarki. Da ta Ayah. Har da ta Tok. Amma ban juya ba. Ibu, ban juya ba ko sau ɗaya."

"Na gani. Kin yi daidai. Hau bayana, ki riƙe wuyana, kada ki saki ko me ya faru."

Dina ta hau, ta sarƙe hannayenta. Normala ta juya wajen tudu, ta miƙa hannu inda ta bar igiyar.

Babu ta a wurin.

Ruwa ya kwashe bakinta ya yi ƙasa da shi. Ga ta can tana wutsil-wutsil a saman ruwa kamar jan maciji, nesa da dutsen. Tok Sepiah na ta tattaro ta da sauri, tana naɗewa a hannu don ta jefo.

"Jefo, Mak! Jefo!"

Tsohuwar ta ɗaga hannu za ta wurga.

Sai hannun ya tsaya a sama.

Normala ta ga bakin tsohuwar ya buɗe. Ba su take kallo ba. Sama da kansu take kallo.

A lokacin ne Normala ta lura tana jin kukan Rozaimi sarai. Tana jin numfashin Dina a kunnenta. Tana jin har ƙarar igiyar da ke ɗiga.

Ƙugin magangarar ya ɗauke.

Ruwan da ke zubowa tun da aka halicci dutsen ya koma ɗan siriri kamar na bakin buta. Wani abu ya tare shi a can sama. Kuma dutsen da suke kai ya fara rawa a ƙarƙashin gwiwoyinta.

"Ibu," in ji Dina a hankali, "me ya sa ruwan ya yi shiru?"

Normala ta juya ta ɗaga kai.

A leɓen magangarar, inda sama ta haɗu da dutse, wani ƙaton itace ne ya leƙo, saiwoyinsa a sama, rassansa a ƙasa. Bayansa wani baƙin bangon ruwa ya taso ya rufe rana.

Itacen ya karkato.